Yadda Ake Lanƙwasa Hoton Fanorama Ya Zama Ƙaramar Duniya

Akwai wani nau'in hoto da ake yawan cin karo da shi a intanet, inda za a ga fili ya dunƙule ya zama ƙwallo a tsakiyar sararin sama, gine-gine da bishiyoyi sun tsiro daga jikinsa ta kowane gefe, wasu a miƙe, wasu a kwance, wasu kansu na kallon ƙasa. Masu harkar hoto suna kiransa ƙaramar duniya. Wanda bai san yadda ake yin sa ba zai ɗauka sai an tashi jirgi marar matuƙi, alhali asalinsa hoton fanorama ne, wato dogon hoton da ya kewaye wuri, aka lanƙwasa shi a manhajar gyaran hoto har bakinsa na dama ya haɗu da na hagu. Lanƙwasawar kanta ba ta cin minti guda. Kyau ko munin hoton yana tabbata ne tun a wurin ɗauka da wurin shirya fanoramar, saboda haka a nan bayanin zai fi tsawo.

Abin da manhaja take yi wa hoton

Kafin a taɓa kyamara, ya kamata a fahimci yadda lanƙwasawar take aiki, domin duk sauran shawarwarin daga nan suka fito. Manhajar tana ɗaukar layin ƙarshe na ƙasan hoton, duk tsawonsa, ta matse shi ya koma ɗigo guda a tsakiya, sannan ta ɗauki layin farko na saman hoton ta baza shi ya zama da'irar waje. Kamar tela ne ya tattare gefe ɗaya na dogon yadi ya ɗaure shi wuri guda, ya shimfiɗa ɗaya gefen a zagaye. Duk layin da yake kwance a fanorama zai zama da'ira, duk layin da yake tsaye kuma zai zama layi mai fitowa daga tsakiya zuwa waje. Shi ya sa mahaɗar sama da ƙasa take zama bakin ƙwallon, sandunan fitila da dogayen gine-gine kuwa suke fitowa kamar ƙayoyi.

Masu zana taswira sun daɗe da sanin wannan lissafi. Taswirar da ke jikin tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa ƙurewar arewacin duniya a tsakiyarta nahiyoyi suka kewaye ta, da irinsa aka zana ta, kuma duk wanda ya duba ta da kyau zai ga ƙasashen da ke bakin da'irar sun baje fiye da yadda suke a zahiri. Haka abin yake a hoto. Abin da ke kusa da ƙasan fanorama yana matsewa, abin da ke kusa da samanta yana faɗaɗa. Idan ƙasan hoton cike yake da tarkace ko zane mai tsari irin na shimfiɗaɗɗen bulo, tsakiyar ƙwallon zai cukurkuɗe. Idan kuma kan bishiya ya kai har bakin saman hoton, zai baje ya yi dishi-dishi, ko ma a ga an datse shi.

Zaɓen wuri da ɗaukar hoto

Wurin da ya fi dacewa shi ne buɗaɗɗen fili wanda ƙasarsa iri ɗaya ce, kamar ciyawa, yashi, ruwa ko kwalta, sannan abubuwa masu tsayi daban-daban sun kewaye shi daga ɗan nesa. Bambancin tsayin nan shi ne ran hoton. Filin da babu komai a bakinsa zai ba da ƙwallo sumul marar armashi, wurin da kuma dogayen gine-gine suka rufe shi ta ko'ina zai hana a ga siffar ƙwallon gaba ɗaya. A ganina hasumiya guda, ko babbar bishiya guda, tare da ƙananan abubuwa a sauran zagayen, sun fi komai ba da hoton da ido zai tsaya a kansa. Nisa ma yana da muhimmanci: abin da yake da nisa ƙwarai zai zama ɗan tsini da ƙyar ake gani, abin da yake kusa sosai kuma zai haɗiye rabin hoton.

A ɗora kyamara a kan mazauni mai ƙafa uku, a daidaita shi da ma'aunin ruwa har ya zama bai karkata ko'ina ba, a kuma juya kyamarar sau ɗaya a duba ko daidaiton yana nan a duk zagayen. A tsayar da kyamarar a tsaye maimakon a kwance, domin kowane hoto ya ɗebi sama da ƙasa da yawa. Kowane hoto ya hau kan na bayansa da kusan kashi ɗaya cikin uku, saboda manhajar haɗa hotuna tana neman alamomin da suka bayyana a hotuna biyu ne ta ɗinke su. Ga misali da lissafi: gilashin milimita 24 a kan kyamara mai cikakken firam, wato mai babban farantin ɗaukar haske (sensa), idan an tsayar da ita, yana ɗaukar kusan digiri 53 a faɗi da kusan digiri 74 a tsayi. Idan ana juya ta digiri 36 bayan kowane hoto, hotuna 10 za su kammala digiri 360, kuma kowanne zai hau kan ɗan'uwansa yadda ake so. Sai dai wannan layi guda bai wuce digiri 37 sama da 37 ƙasa da mahaɗar ba. Mai son cikakkiyar fanorama sai ya ƙara layi ɗaya kyamara na kallon sama, ɗaya tana kallon ƙasa, sannan ya ɗauke mazaunin ya ɗauki hoton daidai wurin da ya tsaya. Wannan hoto na ƙarshe mutane da yawa suna mantawa da shi, kuma shi ne zai zama cibiyar ƙwallon.

Dole ne a kashe duk wani saiti da kyamara take yi da kanta. A kulle yawan hasken da ke shiga, a kulle daidaiton launi, a kulle saitin kaifin hoto, duka da hannu. Dalili shi ne mai zagaya digiri 360 ba makawa zai fuskanci rana a wani gefe ya ba ta baya a wani, kuma idan kyamara ce ke zaɓa, hoton farko da na ƙarshe za su fito da shuɗin sama iri biyu, a ƙarshe a ga layi ya tsaga sararin saman ƙaramar duniyar daga baki zuwa baki. A auna haske a gefen da yake tsaka-tsaki, a ɗauka da tsarin RAW, mai ajiye ɗanyen bayanin da kyamara ta ɗebo, idan kyamarar tana da shi, don a sami damar ceto wuraren da suka yi duhu ko suka yi fari. A cire gilashin nan mai kashe ƙyalli da ake ɗaurawa a bakin kyamara, domin yana duhunta sama a wani gefe ya bar wani. Ranar da gajimare ya lulluɓe rana ta fi sauƙin aiki, ko da yake hasken hantsi da na la'asar sun fi ba da launi mai daɗi. Wanda ya zaɓi waɗannan lokuta sai ya yi shirin goge doguwar inuwarsa da ta mazaunin kyamarar daga baya.

Akwai wata matsala da ke damun masu ɗauka da hannu. Idan mutum ya miƙa yatsansa gabansa ya rufe ido ɗaya, sannan ya canza ya rufe ɗayan, zai ga yatsan ya yi tsalle a kan abin da ke bayansa. Haka yake faruwa idan kyamara ta gusa daga wurinta tsakanin hoto da hoto: abin da ke kusa yana sauya matsayi a kan abin da ke nesa, manhaja ta rasa yadda za ta ɗinke su, sai a ga shinge ya karye ko waya ta rabu biyu. Maganinsa shi ne kyamara ta juya a kan wani ɗigo da ke cikin gilashinta, kuma akwai kan mazauni na musamman da ake sayarwa domin haka. Wanda ba shi da shi, kada ya riƙe kyamara a gabansa ya juya jikinsa. Ya bar kyamarar a saman wuri guda, shi ya riƙa zagaya ta, kuma ya guji tsayawa kusa da abubuwa. Mutane da motoci masu motsi su ma a lura da su, don mutum ɗaya yana iya fitowa sau biyu, ko ya fito rabi.

Kyamarorin da ke ɗaukar duk kewaye a latsawa guda, irin su Ricoh Theta da Insta360, sun sauke wannan nauyi gaba ɗaya, kuma manhajojinsu suna da tsarin ƙaramar duniya a ciki. Wayoyi kuwa, da yawansu tsarin fanoramarsu ba ya kammala zagaye, don haka gefe biyun ba za su dace da juna ba sai an yi musu aiki.

Haɗa hotunan da shirya fanorama

A Photoshop ana haɗa hotunan ta File, sannan Automate, sannan Photomerge, a zaɓi Spherical ko Cylindrical. Amma idan fanoramar cikakkiya ce, na fi amincewa da manhajar da aka gina domin wannan aiki kaɗai, wato PTGui wadda ake saye, ko Hugin wadda kyauta ce kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux, saboda su sun san cewa bakin dama ci gaban bakin hagu ne, suna kuma daidaita haske a tsakaninsu. Abin da ake so su fitar shi ne hoton da faɗinsa ya ninka tsayinsa sau biyu, misali fiksel 8,000 a faɗi da 4,000 a tsayi, wanda ke wakiltar digiri 360 a zagaye da digiri 180 daga ƙarƙashin ƙafa zuwa tsakar ka.

Abu na farko da za a duba shi ne mahaɗar sama da ƙasa. Idan ta fi tsayi a dama a kan hagu, bakin ƙwallon zai yi mataki a inda gefe biyun suka haɗu. Idan kuma ta yi lanƙwasa, ta hau a wani wuri ta sauka a wani, alama ce cewa kyamara ta karkata lokacin ɗauka, kuma ƙwallon zai fito ya goce daga tsakiya. Ana gyara wannan a manhajar haɗawa, ta hanyar jan hoton har mahaɗar ta miƙe, ko nuna wa manhajar wasu layuka da aka san a tsaye suke, kamar gefen gini. Gyara shi a nan ya fi gyara shi bayan an lanƙwasa sauƙi nesa ba kusa ba.

Na biyu shi ne ɗinkin gefe biyu, kuma akwai dabarar da ke fito da shi fili. A Photoshop a je Filter, Other, Offset, a gusar da hoton a kwance da rabin faɗinsa, a zaɓi Wrap Around; a GIMP kuma, wadda ita ma manhajar gyaran hoto ce, umarnin Offset yana ƙarƙashin Layer da Transform. Nan take bakin dama da na hagu za su haɗu a tsakiyar allo, inda ido zai ga duk wani bambancin launi ko karyewar layi. Sai a gyara da Clone Stamp ko Healing Brush, masu kwafo wani wuri na hoton su rufe tabo da shi, yayin da komai yake a miƙe. Babu buƙatar mayar da hoton yadda yake bayan an gama, tunda zagaye ba shi da farko ko ƙarshe. Ya kamata kuma a kiyaye wani tarko: gyare-gyaren da ke duba maƙwabtan kowane fiksel, irin su ƙara kaifin gajimare, rage hazo, ko duhunta gefuna, suna yi wa bakin dama da na hagu aiki daban-daban, su dawo da tabon da aka riga aka goge. A jinkirta su sai an gama lanƙwasawa.

Idan fanoramar ba ta kai digiri 360 ba, a yanke ta a wurare biyu da suka yi kama da juna, inda babu gini ko bishiya, kuma tsayin mahaɗar ɗaya ne. Wasu suna kwafar hoton su juya kwafin kamar a madubi su manna shi a gefe, wanda ke sa bakunan su dace tsaf. Dabarar tana aiki, amma kowane abu zai fito sau biyu yana fuskantar kansa, kuma mai kallo yakan gane cikin ɗan lokaci. Ban cika ba da shawararta ba sai a hoton tsaunuka ko teku.

Na uku shi ne sama. Wurin da mahaɗar ta faɗa a tsayin hoton shi ke yanke girman ƙwallon: idan tana tsakiya, ƙwallon zai ci rabin faɗin da'irar, idan tana kashi ɗaya cikin uku daga ƙasa, zai fito ƙarami da sarari mai yawa a kewaye. Duk abin da ya fi tsayi a hoton yana buƙatar sama isasshiya a bisansa. Idan babu, a ƙara wa hoton fili ta sama da Canvas Size, a cike shi da launin da aka ɗebo daga saman hoton. Ko da saman ta isa, yana da kyau a sa siririn yankin da ke can ƙoli ya narke zuwa launi guda daga dama har hagu, da taimakon Gradient. Amfanin wannan zai bayyana a kusurwoyi.

Lanƙwasawa

A Photoshop a buɗe Image Size, a cire alamar sarƙar da ke ɗaure faɗi da tsayi, a mayar da hoton murabba'i. A nan akwai zaɓin da ke shafar kaifin hoto: a ɗaga tsayi ya kai faɗi, kada a rage faɗi ya sauko wa tsayi. Hoton 8,000 da 4,000 ya koma 8,000 da 8,000. Idan aka matse shi zuwa 4,000 da 4,000, an zubar da rabin bayanan da ke kwance, alhali bakin ƙwallon a wannan girman zai kai kewayen kusan fiksel 6,280, wato manhaja za ta sake jan abin da aka riga aka matse. Gara a yi aikin a babban girma, a rage daga ƙarshe. Hoton zai yi kama da an ja shi sama, wannan ba matsala ba ce.

Daga nan a juya hoton digiri 180 ta Image Rotation, sama ta koma ƙasa, saboda Photoshop saman hoto yake kai wa tsakiya. Sai a je Filter, Distort, Polar Coordinates, a zaɓi Rectangular to Polar. Idan umarnin ya ƙi latsuwa, a duba Image da Mode, domin ba ya aiki a hoto mai zurfin launi na bit 16, sai an mayar da shi bit 8; wannan ya sa ya dace a kammala manyan gyare-gyaren launi kafin a sauko. Kusurwoyi huɗu na murabba'in suna wajen da'irar, kuma Photoshop yana cike su ne da jan layin ƙarshe na sama zuwa waje. Idan layin yana da gajimare, za a ga zane-zane kamar haskoki; idan launi guda ne kamar yadda aka shirya, kusurwoyin za su fito sumul.

A GIMP, Polar Coordinates yana ƙarƙashin Filters da Distorts, kuma ba sai an juya hoton ba: a cire alamar da ke kan Map from top, a bar ta To polar, ƙasa za ta faɗa tsakiya. Offset angle yana juya ƙwallon, don a kawo abin da ake so ya tsaya a sama. Idan kusurwoyin suka fito fanko, a sa wata shimfiɗa, wato Layer, a ƙarƙashi mai launin saman.

Hanya ta biyu, wadda ta fi kiyaye siffa

Hanyar da ta gabata tana da aibi guda. A cikakkiyar fanorama, abin da yake daidai kan mahaɗar yana faɗaɗa da kusan ninki 1.57 a kan tsayinsa, abin da ya fi haka tsayi kuma ya fi bajewa, don haka gine-gine sukan fito gajeru masu ƙiba. Akwai wani lissafin taswira da ake kira sitiriyogirafik, wanda masana taurari na Girka suka sani tun zamanin da, Batlamus ya yi rubutu a kansa, kuma da shi ne masana a ƙasashen Musulmi suka riƙa zana fuskar asturlabi, na'urar auna matsayin taurari. Shi yana ƙara girman abu a tsayi da faɗi daidai wa daida, ta yadda kusurwoyi ba sa canzawa, da'ira kuma tana nan a da'irarta. Abin da ke kan mahaɗar yana ninka na tsakiya girma sau biyu, amma siffarsa ba ta lalacewa, hasumiya kuwa tana miƙewa ta yi tsayi mai ban sha'awa. Mafi yawan hotunan ƙaramar duniya da suka fi burge ni da wannan hanya aka yi su.

Sharaɗinta shi ne fanoramar ta kasance cikakkiya mai faɗi ninki biyu na tsayi, kuma ba a mayar da ita murabba'i tukuna. Daga GIMP 2.10 akwai umarnin Little Planet a ƙarƙashin Filters da Map, mai ma'aunan juyawa da karkatarwa da kusantowa. A Hugin kuma a shigar da fanoramar a matsayin hoto guda, a gaya wa manhajar cewa nau'insa Equirectangular ne mai digiri 360, a zaɓi Stereographic a matsayin abin da za a fitar, a karkatar da kallo digiri 90 zuwa ƙasa, a buɗe faɗin gani zuwa wajen digiri 300. Idan sama ce ta faɗo tsakiya, sai a sauya 90 ɗin ya zama -90. Ba a iya kaiwa digiri 360 a wannan lissafi, domin ɗigon da ke tsakar ka yana tafiya nisan da ba shi da iyaka. Karkatar da kallon kaɗan daga digiri 90 yana sa gefe ɗaya na ƙwallon ya kumbura, abin da ke kansa ya ƙara girma, kuma hanya ce mai kyau ta fifita gini ɗaya ko mutum ɗaya a kan sauran.

Gyaran ƙarshe

Cibiyar ƙwallon ita ce wurin da ya fi neman kulawa. Idan fanoramar ba ta kai ƙarƙashin ƙafa ba, za a ga layuka sun tattaru a ɗigo guda. Idan ta kai, ƙafafun mazaunin kyamara ne za su bayyana. A zaɓi wurin a cike shi da Content-Aware Fill, ko a kwafo ƙasa daga gefe da Clone Stamp, ana sauya wurin ɗiba don kada zane ɗaya ya yi ta maimaituwa. Bayan haka a bi layin ɗinkin daga cibiya har bakin hoto, an kusanto da shi sosai, a tabbatar babu saura. Sai a juya ƙwallon yadda abu mafi muhimmanci zai tsaya a sama ko ya ɗan karkata, a yanke gefuna, sannan a yi gyaran kaifi da na gajimare da aka jinkirta. Sararin sama da aka ja sosai a bit 8 yakan nuna zobba-zobba na launi, kuma ƙara ɗan ƙanƙanin Noise, wato ƙananan ɗige-ɗige, yana ɓatar da su. A ajiye babban kwafi a PSD ko XCF ko TIFF tare da shimfiɗunsa, a fitar da ƙaramin JPEG domin yaɗawa.

Da fanorama guda ana iya samun hoto na biyu. Idan aka tsallake juyawar digiri 180 a Photoshop, ko aka bar alamar Map from top a GIMP, sama ce za ta dunƙule a tsakiya, ƙasa ta kewaye ta, gine-gine su riƙa nuna ciki kamar ana kallon sama daga ƙasan rami. Wannan ya fi dacewa da wuraren da ba su yi wa ƙaramar duniya ba, wato titi mai dogayen gine-gine a kowane gefe, tsakiyar daji, ko cikin ɗaki mai rufin ƙubba, kuma a nan yankin ƙasan fanoramar ne za a narkar zuwa launi guda, tunda shi zai cika kusurwoyi.